Noti Biyu na Ƙarfen Rumfa

Da sunan Allah nake farawa, wanda lafiya da ciwo duk a hannunsa suke. Ba don a tausaya mini na zauna rubuta wannan ba, wanda ya cancanci tausayin ya riga ya tafi. Na rubuta ne saboda masu tantan, wato motar noma, da direbobinsu, da duk wani mai irin halina na "bari sai Talata".

Mu biyu ne maza a wurin Inna, ni Mamman da ƙanena Ummaru. Asalinmu mutanen ƙasar Maradun ne. Da ruwan dam ɗin Bakolori ya cinye gonarmu ta gado, muka kwaso Inna muka koma wajen dangin mahaifinmu a gefen Bakura, muka samu fili cikin gonakin ban-ruwa. Abin da ya shigo hannunmu na diyya muka haɗa da kuɗin shanun huɗarmu, muka sayi wata 'yar ƙaramar tantan a gwanjo. Biyu aka fitar a ranar, iri ɗaya sak. Ɗayar Alu ne ya saya, abokin Ummaru tun na yarinta. Ummaru ke tuƙa tamu. Ni kuwa mai baki ne: ni ke karɓo aiki, ni ke ciniki, ni ke faɗa da masu gona. A gidanmu ni ake kira mai dabara, kuma ba zan ɓoye ba, sunan yana yi mini daɗi.

Tantan ɗin tana da wani ƙarfe mai ƙafa biyu da ya tashi daga bayan kujerar direba ya haɗe a sama, kamar bakin ƙofa. Kowace ƙafa manyan notuna biyu ne suka riƙe ta a jikin ƙarfen tayoyin baya. Mu dai ƙarfen rumfa muke ce masa, don a jikinsa kowa ke ɗaura buhu ya yi wa kansa inuwa. A nan ake rataye gorar ruwa, a nan masu neman a rage musu hanya suke riƙewa. Ban taɓa jin wani ya ce yana da aikin da ya wuce wannan ba, ni ma ban tambaya ba.

Bayan an kwashe shinkafa muka shiga gyaran gonaki don alkama. Saura kwana kaɗan a sako ruwa a layinmu, kowane mai gona yana kaina. Ana cikin wannan notuna biyu suka tsinke a jikin garma. Na zagaye Bakura ban samu girmansu ba, aka ce sai Mafara ranar kasuwa, wato Talata, mu kuwa muna ranar Laraba. Na tsaya ina kallon tantan, idona ya faɗa kan ƙarfen rumfa. Na ɗauko sifana na kwance noti ɗaya daga kowace ƙafa, na gwada a garma, suka zauna kamar don ita aka yi su. Ramukan da suka rage na cusa waya na murɗe. Alu yana tsaye, ya ce, "Kai, Mamman, Allah ya ba ka kai!" Sati bai zagayo ba shi ma tasa garmar ta nemi noti, ya yi yadda na yi.

Ummaru ne kaɗai bai yi dariya ba. Da ya dawo daga aiki washegari ya kama ƙarfen ya girgiza shi a gabana.

"Yaya, ƙarhen ga hwa shina kaɗawa."

"Tau, rumhwa ka noma?" na ce da shi. "Bari Talata in na tahi Mahwara in sawo."

Talatar farko ban je ba, aiki ya yi yawa. Ta biyu na je, na shantake a kara, wajen masu shanu, ina taya wani cinikin sa, sai a mota na tuna. Ta uku na sayo su. Na jefa su a aljihun rigata, na iso gida a gajiye ana kiran magariba. Da safe Ummaru yana shirin fita na ce masa ya dawo da azahar, a raina ina nufin mu ɗaura a lokacin. Ya ce to.

Hantsi ya ɗaga ina wurin wani mai gona, sai ga Alu a kan keke, ko birki bai kama ba ya diro. "Mamman, taho! Ta kihe da Ummaru bakin kanal." Kanal ita ce babbar hanyar ruwan dam, ana bin tudun gefenta a tafi gonaki. Ruwa ya jiƙa bakin tudun ta ƙasa, tayar baya ta zame, tantan ta karkace. Waɗanda suka gani sun ce ƙarfen rumfa ya taɓa ƙasa, ya yi ƙara ɗaya, ya fizge ya yi gefe. Ita kuma ta ƙarasa juyawa ta kife a kansa.

Kafin in isa jama'a sun ɗaga ta da itatuwa, sun jawo shi ta hamata, sun jingine shi da bishiya suna ba shi ruwa. Allah ya saka musu, abin da suka sani ke nan. Ba jini a jikinsa sai 'yar ƙujewa a goshi. Har na fara hamdala, sai ya dube ni.

"Yaya, ina ƙahwahuna?"

"Ga su nan, lahiya lau."

"Ba ni jin su."

Muka tare wata a-kori-kura. Direban ya ce a shimfiɗa shi a baya, na taso masa da faɗa. Na ce baya na buhu ne da gawa, ƙanena ba zai shiga gari kwance kamar kaya ba. Muka lanƙwasa shi muka zaunar da shi a gaba, tsakanina da direba, ina riƙe da kafaɗarsa, mota tana faɗawa ramuka. A ganina mutunta shi na yi.

A gida Kawu Bube, yayan Inna, ya yanke magana. Ya ce sha'anin ƙashi na maɗori ne, asibiti yanka kawai suka sani. Da yamma muka sake naɗe shi a mota zuwa wajen wani tsohon maɗori a gefen Tsibiri. Tsohon ya shafa bayan tun daga wuya har ƙugu, ya tofa addu'a, ya ɗaure shi da kara. Kwana biyu fitsari bai fito ba, marar Ummaru ta kumbura ta yi tauri, gumi yana keto masa. A rana ta uku tsohon ya kira ni bayan ɗaki ya ce, "Ɗana, wanga ba nawa ba na. Ku kai shi inda an ka hi ni sani, kak ku ƙara kwana." Ko goro bai karɓa ba. Har yau ina yi masa addu'a, ko da yake kwanakin nan biyu suna nan a maƙogwarona.

A Mafara aka sa masa robar fitsari. Na ga yadda fuskarsa ta saki, har barci ya ɗauke shi, na ce a raina an gama. Ashe ba a fara ba. Suka ce wannan ya fi ƙarfinsu, suka rubuta mana takarda zuwa babban asibiti a birni. Su ne suka fara cewa a nemo ƙyauren ƙofa a kwantar da shi a kai.

Wanda bai taɓa jinya a babban asibiti ba bai san layi ba. Layin kati daban, layin hoton ƙashi daban, layin ganin likita daban, kowanne kuma in ka kai gaba sai a ce ka koma wancan. Kwana da kwanaki Ummaru yana kan ƙyaure a baranda muna jiran gado, matarsa A'i tana yi masa fifita, 'yarsu goye a bayanta. Ni da nake faɗa da masu gona goma a rana, na koma ina cewa "ranka ya daɗe" ga mai share baranda. A layin kati ne na sa hannu a aljihu, na ji wani abu mai sanyi. Notunan nan biyu ne. Rigar da na je da ita kasuwa ita ce a jikina tun ranar. Na tsuguna a wurin, na bayana suna cewa in matsa gaba.

Likitan da ya duba shi dogo ne, ba mai yawan magana ba. Ya ɗaga hoton ƙashin wajen taga, ya nuna mini da biro. "Ƙashin baya ya karye a nan. Laka ta taɓu." Na ce a ɗora mana mana, ko nawa ne. Ya ce ƙashi yana ɗoruwa, laka ce ba a ɗora ta. Sannan ya tambaye ni yadda muka ɗauko shi daga gona. Na faɗa masa, har da faɗan da na yi wa direba, don a lokacin ban san abin kunya nake faɗa ba. Ya daɗe yana rubutu bai ɗago ba. Da ya ɗago ya ce, "Nan gaba, mai irin wannan rauni a kwance ake ɗaukarsa, a kan abu mai tauri. Ba a zaunar da shi." Nan gaba. Kalmomin nan biyu sun fi duk abin da ya faɗa zama a kaina, don ƙane ɗaya gare ni. Na tambaye shi ko Ummaru zai taka. Ya ce, "Mu ba shi lokaci."

Sati na biyu muka samu gado. Akwai wata nas mai faɗan tsiya, in ta shigo ɗakin maza kowa sai ya gyara zama. Ranar farko ta wanke ni tas a gaban jama'a saboda na bar shi kwance a gefe ɗaya tun safe. Na ji haushi ƙwarai. Amma ita ce ta tsaya ta koya mini yadda ake juya shi ba tare da an murɗa baya ba, da yadda ake goge shi, da inda ake duba alamar miki. Ta ce duk bayan awa biyu. Na tambaye ta har yaushe, ta yi kamar ba ta ji ba. Allah ya ji ƙan iyayenta, a duk asibitin ita ce ba ta taɓa yi mini ƙarya ba.

A gadon da ke kusa da namu akwai wani dattijo mai jinyar ɗansa, tsohon makanike da ya yi aiki wurin gina dam. Hira ta haɗa mu, na ba shi labarin haɗarin. Ya tambaya ko tantan ɗin ba ta da ƙarfen nan na bayan kujera. Na ce tana da shi, ƙarfen rumfa ba?

"Wane rumhwa?" ya ce. "Wanga ƙarhe shi ka tare ta in ta tashi kihewa. Shi daki ƙasa, ta tsaya bisa gehe, direba shi hita da ƙujewa. Don haka ɗai an ka yi shi. Amma sai in notunanai huɗu na ɗaure tam. Naku a ɗaure suke?"

Na ce a ɗaure suke. Hannuna yana cikin aljihu lokacin da na faɗa. Ummaru yana kwance tsakaninmu, idonsa biyu, yana kallon rufin ɗaki.

Daga nan satuttuka suka yi ta shigewa, kowanne da abin da yake tafiya da shi. Sati na uku ragon layyar Inna ya tafi. Na huɗu shinkafar da muka ajiye ta ci. Na shida na aika wa Alu ya nemo mai sayen tantan, a yadda take, da karyayyen ƙarfenta. Magani kuwa a rubuta maka a ciki, ka fita waje ka saya, wani a samu, wani a ce sai jibi. A'i ba a barinta ta kwana a ɗakin maza, tana can ƙarƙashin bishiya tare da sauran mata masu jinya, tana dafa abin da ba wanda ke iya ci.

Masu dubiya sun zo, Allah ya ba su lada, kowa da kwanonsa, kowa kuma da maganinsa. Wannan ya ce man jimina, wancan ya ce hayaƙi, wani ya ce ai akwai hannu a ciki, a bincika wa muka yi faɗa da shi a kan gona. Kawu Bube ya ce jijiyoyin ne suka yi barci, a gasa su da ruwan zafi su farka. Ina layin magani aka gasa. Da na dawo diddigen Ummaru ya saluɓe, shi kuwa yana hira da su, bai san an yi ba. Na fita baranda na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da mahaifinmu ya rasu. Ba ƙunar ce ta sa ni kuka ba, hirar ce.

Kullum da safe likita zai zo da allura ya soka a babban yatsa, ya hau zuwa ƙwauri, zuwa gwiwa, zuwa cinya, yana tambaya. Kullum amsar ɗaya ce, sai allura ta kai cibiya Ummaru ya ce ya ji. Ni kuma in tsaya a gefe ina kallon allurar kamar zan tura mata ji da ido. A sati na tara ya ce mu tafi gida mu ci gaba da abin da aka koya mana. Na ce, "Likita, lokacin da ka ce mu ba shi hwa?" Ya dafa kafaɗata ya wuce gado na gaba.

A gida Inna ta karɓi aikin allura. Kowace safiya bayan ta gama lazimi za ta zo da tsinke ta zauna wajen ƙafafunsa. Ta rame ta zama kamar ba ita ba, tuwo in an kai mata yadda aka kai haka ake ɗaukowa. Wata safiya ina tsaye, ta ɗaga tsinken, ta ce, "Ummaru, ka ji?" Ya ce, "Na ji, Inna." Ni ina gani, tsinken bai kai ga yatsan ba tukuna. Inna ta saki kabbara, ta fita tsakar gida tana kiran A'i a jiƙa shinkafa a yi masar sadaka. Na juyo kansa a fusace.

"Don mi za ka yi mata haka?"

"Bari ta ci tuwo yau, Yaya. Kwana nawa ba ta ci ba?"

Ta kuwa ci. Ni ne na kasa.

Mikin da nas ta gargaɗe ni a kansa ya fito a ƙugu, duk da juyin da nake yi. Da farko kamar kwabo, kafin wata guda ya kai tafin hannu. Mun wanke, mun shafa abin da aka ba mu, mun koma Mafara sau biyu aka yi masa ƙarin ruwa da allurai, zazzaɓi ya sauka ya sake dawowa. Ban san abin da ban yi ba, ban kuma ga abin da na yi ya tsayar da komai ba. Mutum yana narkewa a hannunka, kai kuma abin da ka iya shi ne ka juya shi dama, ka juya shi hagu.

Ku masu tantan, abin da zan faɗa muku ke nan, daga bakin wanda ya saya da tsada. Ƙarfen nan ba na inuwa ba ne. Kafin direbanka ya fita ka kama shi da hannu biyu ka girgiza, in ya motsa ko kaɗan kada ta bar ƙofar gida, ko da ruwan layinku zai wuce ku. Waya ba noti ba ce. In kuma ƙaddara ta afka, ku ciro ƙyaure ku kwantar da mutum a kai. Ku bar mutunci ya jira, bayan a-kori-kura bai taɓa rage wa kowa daraja ba. Na san za a ce mini ƙaddara ce, an faɗa mini sau ɗari, kuma na yi imani da ita. Amma sifanar a hannuna take.

Wata Talata da la'asar, a wata na biyar, ina zaune kusa da shi ina kore masa ƙuda. Motocin 'yan kasuwa suna dawowa daga Mafara, muna jin ƙararsu daga ɗaki. Zazzaɓin ya ɗan sake shi a ranar, idonsa ya yi haske. Ya saurari motocin, can ya ce, "Yaya, yau Talata ko?"

Na ce Talata ce.

"Ka sawo notunan kuwa?"

Tun ranar haɗarin ba wanda ya ambace su tsakaninmu. Na sauya riguna da yawa a watannin nan, amma duk rigar da na sa suna cikin aljihunta. Na ciro su na sa masa a tafin hannu. Na ce tun kafin ranar na saye su, suna jikina lokacin da ya fita, suna jikina lokacin da na yi wa makanike ƙarya. Na ce ya yafe mini.

Ya ɗaga su yana jinjinawa a hannunsa da ya zama ƙashi da fata.

"Ashe ba su da ko nauyi," ya ce. Sannan ya miƙo mini. "Ni na yahe, Yaya, tun muna baranda. Ni ma na san shina kaɗawa na hau. Amma ta Alu hwa har yanzu waya ta. Ka kai mishi."

Na ce zan kai. Har bakina ya buɗe zan ce gobe, na kama kaina.

Ban samu fita ba, don a yammacin zazzaɓin ya dawo da ƙarfinsa, ban ƙara matsawa daga gefensa ba. Ranar Alhamis da hantsi Ummaru ya cika, kansa a cinyata, Inna tana riƙe da ƙafar da take zaton ta fara ji. Allah ya gafarta masa, ya sa ciwon ya zama kaffara.

Daga maƙabarta ban bi jama'a gida ba. Na wuce ƙofar gidan Alu, tantan ɗinsa tana tsaye da buhunta a sama. Na kama ƙarfen na girgiza, ya kaɗa kamar haƙorin tsoho. Na ce a ba ni sifana. Alu ya biyo ni da ƙasar kabari a hannunsa yana cewa in bari a share makoki, ban saurare shi ba. Na warware wayar, na zura na dama na ɗaure, na zagaya na zura na hagu na ɗaure. Na sake girgizawa da duk ƙarfina, ko motsi bai yi ba.

Matar Alu ta aiko mini da kunu lokacin da na fara. Da na ajiye sifanar na ɗauki kwanon, kunun bai ko huce ba.